Tsaunukan Brooks na Alaska: taswira biyu, tsayi biyu, da sunayen baƙi

A ƙarshen shekarun 1950 Hukumar Safiyon Ƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da USGS, ta buga taswira iri biyu na arewa maso gabashin Alaska. A ɗaya an rubuta cewa tsayin Dutsen Isto ƙafa 9,050 ne, a ɗayar kuma aka rubuta 8,975. Dutse guda, hukuma guda, amma tsakanin alƙaluman akwai ƙafa 75. Da a wani wuri ne, da babu wanda zai kula. Abin da ya dagula lissafin shi ne wani dutsen da ke yamma da shi, Chamberlin, wanda aka ba ƙafa 9,020, ya faɗo daidai tsakanin alƙaluman biyu. Wanda ya buɗe taswirar farko zai ce Isto ne mafi tsayi a duk yankin Aktik na Amurka. Wanda ya buɗe ta biyu zai rantse Chamberlin ne. A haka aka zauna kusan shekara sittin, kuma littattafai da dama Chamberlin suka bai wa kambun.

Duwatsun nan biyu suna cikin jerin tsaunukan Brooks, waɗanda suka gitta arewacin Alaska daga kusa da gaɓar Tekun Chukchi a yamma har suka kutsa yankin Yukon na Kanada a gabas. Tsawon jerin ma ba a yi ittifaƙi a kansa ba. Wasu na rubuta mil 600, wasu mil 700, wato kimanin kilomita 1,100. Wannan saɓanin ba kuskuren awo ba ne. Jerin duwatsu ba shi da katanga. A yamma yana sauka ne sannu a hankali ya koma tuddai, a gabas kuma sai mai lissafi ya yanke shawara ko zai tsaya a kan iyakar Amurka ko zai haɗa da ɓangaren Kanada. Inda ka dasa turke, nan ne alƙalaminka zai tsaya. Faɗin jerin ya kai kimanin kilomita 240 a inda ya fi buɗewa, kuma yana kwance ne arewa da Da'irar Aktik, layin nan da ke kan digiri 66 da rabi, inda rana ke ƙin faɗuwa a tsakiyar bazara, ta kuma ƙi fitowa a tsakiyar hunturu. A tsakiyar tsaunukan, wajen digiri 68, rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli.

Su ne kuma ke raba ruwa. Kogunan arewa, irin su Colville da Canning, suna zuba a Tekun Aktik. Koyukuk da Chandalar na gangarawa kudu su shiga Kogin Yukon, Noatak da Kobuk kuma su nufi yamma. Bishiyoyi na ƙarewa a gangaren kudu. Da an tsallaka ƙololuwa, sai fili fetal mai daskararriyar ƙasa har bakin teku.

Yaya aka yi hukuma ɗaya ta fitar da tsayi biyu? Taswirorin ba ma'auninsu ɗaya ba. Ta farko 1:250,000 ce, ma'ana santimita ɗaya a takarda tana wakiltar kilomita biyu da rabi a ƙasa. Ta biyu 1:63,360 ce, adadin da zai yi wa wanda ya saba da mita kama da baƙon abu, alhali asalinsa mai sauƙi ne: inci 63,360 ne ke cikin mil guda, don haka inci ɗaya a takarda mil ɗaya ne a ƙasa. Dukkansu daga hotunan jirgin sama aka zana su. Ana ɗaukar wuri ɗaya daga kusurwa biyu, a haɗa hotunan a na'ura har tuddai su taso a ido, sannan a auna su bisa wasu 'yan wurare da masu safiyo suka taka da ƙafarsu suka tabbatar da tsayinsu. Wannan dabara tana buƙatar ido ya kama alama ɗaya a hotuna biyu, tsagar dutse ko bakin rafi. Ƙololuwar da dusar ƙanƙara ta lulluɓe fara ce fat, babu abin kamawa. Ga kuma wuraren da aka auna a ƙasa sun yi wa juna nisa, domin kaiwa can aiki ne na jirgi mai saukar ungulu a 'yan makonnin bazara. A ganina mutanen da suka yi wannan aiki sun cancanci girmamawa. Sun zana ƙasa mai faɗin gaske da kayan aikin zamaninsu, kuma ɗaya daga cikin alƙalumansu biyu na Isto ya fito daidai har zuwa ƙafa guda.

An warware gardamar ne a 2014. Matt Nolan, masanin ƙanƙara a Jami'ar Alaska da ke Fairbanks, ya ƙirƙiro wata hanya da ya kira fodar: kyamara da na'urar GPS a cikin ƙaramin jirgi, hotuna masu yawa da ke hawa kan juna, sai manhajar kwamfuta ta gina siffar dutsen daga cikinsu. Don a gwada gaskiyar abin, Kit DesLauriers, mace ta farko, kuma mutum na farko, da ta sauko daga ƙololuwa mafi tsayi ta kowace ɗaya daga nahiyoyi bakwai a kan takalman zamiya, ta hau Isto da Chamberlin ɗauke da GPS a bayanta. Awon sama da na ƙasa suka zo daidai, bambancinsu 'yan santimita. Sakamakon ya fito a 2016 a mujallar kimiyya mai suna The Cryosphere.

Isto ya zo na ɗaya da mita 2,735.6, wato ƙafa 8,975. Na biyu shi ne Hubley, mita 2,717.6, dutsen da ba a ma saka shi cikin gardamar ba. Chamberlin ya sauko na uku da mita 2,712.3. Michelson na huɗu, mita 2,698.1. Na biyar, mai mita 2,694.9, ba shi da suna a taswira.

Akwai abubuwa da dama a ɓoye cikin waɗannan alƙaluma biyar. Babu ko ɗaya da ya kai ƙafa 9,000, alhali tsofaffin taswirori sun nuna biyu sun haura. Chamberlin ya rasa kimanin ƙafa 121, wajen mita 37, daga abin da aka rubuta masa. Tsakanin na ɗaya da na biyar duka-duka mita 40.7 ne, tsakanin Hubley da Chamberlin mita 5.3, tsakanin Michelson da marar suna mita 3.2. Idan kuskuren awo ya kai mita 37, tazarar da ke raba duwatsun kuwa ba ta wuce 41 ba, to jeranta su daga babba zuwa ƙarami da tsohuwar taswira ya zama canki-canka. Sabuwar hanyar tana da kuskuren da bai wuce santimita 20 sama ko ƙasa ba, shi ya sa za a iya dogara da ita ko a tazarar mita uku. Duk lokacin da aka ba ka jerin “mafi kaza”, abin tambaya na farko shi ne girman kuskuren ma'aunin idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin waɗanda aka jera.

Sai wani abin da masu binciken suka jaddada da kansu. Kan waɗannan duwatsu ƙanƙara ce, kuma ƙanƙarar tana raguwa. Mai yiwuwa wani ɓangare na mita 37 da Chamberlin ya rasa narkewa ce ta gaske, wani ɓangaren kuma kuskuren taswira. Sun ce jerin na iya sauyawa nan gaba, ko da yake Isto ya bai wa mai bi masa ratar mita 18. Ashe tsayin dutse ma yana da kwanan wata. Ko “saman teku” da ake aunawa daga gare shi, a nan ba ruwan da ake gani ba ne. Wani layi ne na lissafi da masu safiyo suka amince da shi, kuma idan aka sabunta shi, adadin da ke takarda zai motsa ba tare da dutsen ya motsa ba.

A ma'aunin duniya waɗannan ba dogayen duwatsu ba ne. Isto ya ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, mai mita 2,419, da ɗan abin da ya haura mita 300 kawai. Denali, can kudu a tsakiyar Alaska, mita 6,190 ne, ya ninka shi fiye da sau biyu. A arewa da Da'irar Aktik kuwa, Isto ya fi Barbeau na tsibirin Ellesmere a Kanada, mai mita 2,616, amma yana bayan Gunnbjørn na Girinlan, mai mita 3,694. Abin da ke ajiye ƙanƙara a kansu shekara da shekaru shi ne kusancinsu da ƙarshen arewacin duniya. Ɗaya daga cikin kogunan ƙanƙarar wurin, McCall, ana auna shi tun 1957, abin da ya sa yake cikin mafi daɗewar bayanai na irinsa a Aktik ɗin Amurka, kuma bayanan suna nuna yana ta ramewa.

Idan aka dawo kan sunaye, nan ne taswirar ke ba da labarin waɗanda suka riƙe alƙalami. Sunan Brooks an sanya shi a 1925, shekara guda bayan rasuwar Alfred Hulse Brooks, wanda ya shugabanci aikin USGS a Alaska daga 1903 zuwa 1924, kuma shi ake dangantawa da gano cewa wannan jeri daban yake da tsaunukan Rocky. Isto sunan Reynold Isto ne, injiniyan hukumar da ya jagoranci masu safiyon yankin a 1956, ya rasu a 1965, aka raɗa wa dutsen sunansa a 1966. Hubley ya jagoranci masu binciken ƙanƙarar McCall, a can kuma ya rasu a 1957. Chamberlin da Michelson malamai ne a Jami'ar Chicago, na farko masanin duwatsu, na biyu masanin kimiyyar lissafin haske wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1907. Ernest Leffingwell ne ya sa sunayensu, mutumin da ya yi karatu a wannan jami'a kafin ya shafe shekaru tsakanin 1906 da 1914 yana zana gaɓar arewa daga sansaninsa a tsibirin Flaxman. Huɗu daga cikin manyan ƙololuwa biyar ke nan, duka sunayen masana daga kudu.

Ƙananan jeruka da ke cikin babban jerin ma haka suke. De Long hafsa ne na sojan ruwan Amurka wanda ya mutu a Saiberiya a 1881 bayan ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Jeannette. Baird sakataren cibiyar Smithsonian ne a Washington. Endicott sakataren yaƙi ne na Amurka, kuma Laftanar Henry Allen ne ya sa sunan a 1885. Romanzof ya fi su tsufa: John Franklin na Ingila ne ya hango duwatsun daga bakin teku a 1826, ya ba su sunan Nikolai Rumyantsev, babban jami'in daular Rasha mai ɗaukar nauyin tafiye-tafiyen bincike, domin a lokacin Alaska tana hannun Rasha, sai a 1867 Amurka ta saye ta kan dala miliyan 7.2. A wannan tafiyar Franklin ya sa wa wasu duwatsun gabas sunan ƙasarsa, British. Wasu daga cikin masu sunayen, kamar Philip Smith na USGS, sun taka yankin sun sha wahalarsa. Wasu kuwa ko hango shi ba su taɓa yi ba.

Mutanen Gwich'in, da ke zaune a gefen kudu maso gabas, suna kiran tsaunukan Gwazhał tun kafin a haifi kakannin Brooks. Inda sunayen 'yan ƙasa suka tsira a taswira, za ka ga aiki suke yi wa matafiyi da maharbi. Arrigetch, wasu tsinannun duwatsu a tsakiyar jerin, a harshen Iñupiaq yana nufin yatsun hannu a miƙe, kuma haka suke bayyana daga nesa. Anaktuvuk na nufin wurin kashin karibu, barewar arewa, wato mashigar da garkenta ke bi kowace shekara. Na fi ganin ƙimar irin wannan suna a kan na sakataren yaƙi, domin yana gaya wa mai yunwa inda zai samu nama. Bob Marshall, masanin gandun daji da ya zauna a ƙauyen Wiseman tsakanin 1930 da 1931, ya zuba sunaye da yawa a tsakiyar jerin, kuma shi ya kira wata mashiga tsakanin duwatsun Frigid Crags da Boreal da sunan Ƙofofin Aktik, wanda daga baya ya zama sunan gandun ƙasa.

A yau dokar sanya suna ta yi tsauri. Hukumar da ke kula da sunayen wurare a Amurka ba ta amincewa da sunan mutum sai ya shekara biyar da rasuwa, don haka da yanzu ne, da Brooks da Isto sun jira. Haka kuma ba ta son sababbin sunaye a yankunan da doka ta keɓe a bar su yadda suke, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Masu binciken 2014 sun riƙa kiran dutse na biyar Okpilak, daga sunan kogin da ke kusa, wanda kalmar Iñupiaq ce, amma wannan kira ne na tsakaninsu. Maido da tsofaffin sunaye kuwa ba ya zuwa da sauƙi ko a wurin masu su. Garin Barrow, a bakin tekun arewa, ya koma Utqiaġvik a 2016 da ƙuri'a 381 a kan 375, ratar shida kacal. Sunan Denali ya samu amincewar gwamnatin tarayya a 2015, sai ga umarnin shugaban ƙasa a Janairun 2025 ya mayar da sunan McKinley.

Hanyar mota ɗaya ce tak ta ratsa kilomita 1,100 ɗin nan. Ita ce Dalton, mai tsawon kilomita 666, wadda aka gina a 1974 don shimfiɗa bututun man da ke tasowa daga Prudhoe Bay, inda aka gano mai a 1968. Tana tsallake tsaunukan ta mashigar Atigun, a tsayin mita 1,444. Daga Coldfoot zuwa Deadhorse, kusan kilomita 390, babu gidan mai. A wani sansanin ma'aikata da ke kudu da tsaunukan, Prospect Creek, aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Amurka ranar 23 ga Janairun 1971: digiri 62 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas.

Gandun Ƙofofin Aktik, da dokar 1980 ta kafa zamanin Shugaba Jimmy Carter, ya kai kimanin murabba'in kilomita 34,000, babu titi, babu shimfiɗaɗɗiyar turba. Baƙinsa a 2023 kimanin 11,000 ne, mafi ƙaranci a cikin manyan gandayen ƙasar, yayin da gandun Great Smoky ya karɓi sama da miliyan 13. Irin wannan adadi ne ke sa a riƙa kiran wurin kufai. Amma a cikin iyakar gandun akwai ƙauyen Anaktuvuk Pass, mazaunin Nunamiut, Iñupiat na tudu, waɗanda ƙidayar 2020 ta samu su 425. Can gabas akwai Arctic Village na Gwich'in mai mutum kimanin 150. Jirgin sama ne hanyarsu, kayan kanti na zuwa da tsada, don haka nama daga daji ake samo shi.

A wurinsu alƙalamin da ke da nauyi shi ne yawan karibu, barewar arewa mai ƙahoni masu rassa. Ƙidayar tana da tata dabarar. A farkon Yuli sauro da ƙudaje kan addabi dabbobin har su dunƙule wuri guda a tuddai masu iska. Masana na bin waɗanda aka rataya wa na'urar bin sawu a wuya don gano inda tarin yake, jirgi ya ɗauki hotuna, a zauna a ƙirga kai ɗaya-ɗaya, sannan a yi lissafin waɗanda ba su shigo hoto ba. Shekarar da aka yi sanyi ƙwari ba su taso ba, ko hayaƙin gobarar daji ya rufe sama, ba a samun ƙidaya. Shi ya sa shekarun alƙaluman suke da giɓi.

Garken gabas, mai suna Porcupine, ya tashi daga 123,000 a 2001 zuwa 218,000 a 2017. Yakan haihu a filin bakin teku da ke arewa da Isto da 'yan uwansa, a cikin mafakar namun daji ta Aktik. Filin nan mai eka miliyan 1.5 shi ne ake ta jayayyar haƙar mai a kansa. A 1998 USGS ta ƙiyasta cewa man da za a iya haƙowa a yankin, haɗe da filayen 'yan ƙasa da ruwan gaɓa, yana tsakanin ganga biliyan 5.7 da biliyan 16, matsakaicinsa 10.4. Faɗin wannan tazara kaɗai ya isa ya nuna ƙiyasi ne, ba man da aka gani ba. Gwich'in sun ƙi amincewa, da yawa daga Iñupiat na Kaktovik, da ke cikin filin, suna so. Gwanjon filaye na Janairun 2021 ya tara dala miliyan 14.4 kacal, na Janairun 2025 kuma babu kamfanin da ya taya.

Garken yamma shi ne ke tayar mini da hankali. A 1976 ya faɗi zuwa 75,000, ya farfaɗo har ya kai 490,000 a 2003. A 2019 an samu 244,000, a 2021 aka samu 188,000, a 2022 aka samu 164,000, a 2023 kuma 152,000. Raguwar kashi 69 cikin 100 ke nan a shekara ashirin. Garkunan karibu dama suna hawa da sauka, tarihin 1976 shaida ne, don haka raguwa ita kaɗai ba ta nufin ƙarewa. Abin da masana ke sa wa ido shi ne yawan manyan mata da ke tsallake hunturu da rai, domin su ne masu haihuwa, kuma wannan adadin ya yi ƙasa a shekarun baya-bayan nan. Daga cikin dalilan da ake dubawa akwai ruwan sama da ke sauka kan dusar ƙanƙara a tsakiyar hunturu, ya daskare ya zama ɓawo mai tauri, dabba ta kasa tono abincinta, akwai jinkirin ƙaura a lokacin kaka, akwai kyarkeci da beyar, akwai kuma farauta. Ana nan kuma ana taƙaddama kan hanyar Ambler mai tsawon kilomita 340, wadda za ta bi gindin tsaunukan ta kudu zuwa ma'adinan tagulla, ta ƙetare hanyar ƙaurar garken.

Ƙauyuka kusan arba'in ne ke ci daga wannan garke. Kwamitin maharba da masana da ke sa ido a kansa, wanda akasarin kujerunsa na mutanen ƙauyukan ne, shi ya fara neman a rage farauta. A 2024 hukumar farauta ta Alaska ta sauke iyakar a yawancin yankin daga karibu biyar a rana zuwa 15 a shekara ga kowane maharbi, kuma mace ɗaya kawai aka yarda ta kasance a cikinsu.